Ceto bayanai daga faifan waje da kwamfuta ta kasa karantawa: misalin aikin bincike a arewacin Adar

1. Gabatarwa

Galibin abin da mu ka sani game da tarihin Adar da harshenta daga bakin mutane ya fito. A kansa ne littafin Djibo Hamani kan Adar kafin mulkin mallaka (1975) da na Bernard Caron kan Hausar Adar (1991) su ka dogara ƙwarai. A zamanin kaset, idan zare ya tsinke sai a liƙa shi, a yi asarar kalma biyu ko uku. A yau kuwa ɗalibin da ya tashi daga jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, ko daga ta Yamai, ya je ƙauyukan Takanamat ɗaukar hira, ya kan zuba aikin wata da watanni cikin abu guda mai faɗin tafin hannu. Shi ne a ke kira « disque dur externe » da Faransanci, mu kuma a nan za mu ce masa faifan waje. Ran da kwamfuta ta ƙi karanta shi, dukan aikin ne ke cikin haɗari, har da muryar dattijon da wataƙila ba za a sake tarar da shi da rai ba.

Abin da mu ke son nunawa shi ne, a mafi yawan lokaci bayanan na nan daram sa'ad da matsalar ta ɓullo, kuma abin da mai faifan ya yi cikin sa'ar farko shi ke ceto su ko ya hallaka su.

2. Inda cutar ta kan ɓuya

Faifan waje kashi uku ne. Akwai waya da ƴar na'urar da ke haɗa shi da kafar USB. Akwai inji na ciki, watau faranti mai maganaɗisu da ke juyawa, galibi sau 5.400 a minti ɗaya a ƙananan faifai, da allurar karatu da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai girman ƙwayar ƙura ba, nesa ba kusa ba. Na uku shi ne tsarin rubutun da ke cikin farantin: teburin da ke faɗa wa kwamfuta inda kowane fayil ya fara da inda ya ƙare.

Yanayin arewacin Adar na taɓa duka ukun. Ƙurar hunturu na cika kafar USB. Girgizar mota ko babur a hanyar da ba kwalta na kwance haɗin waya, faɗuwa kuma, musamman faifai na cikin juyawa, na sa allura ta karci faranti. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a Tawa, alhali masu ƙera irin wannan faifai da yawa 35 ko 40 su ka sa iyaka. Sai kuma yankewar wuta, ko batir ya ƙare a tsakiyar rubutu, wanda shi ne ya fi lalata teburin nan.

3. Bincike daki-daki

Da kunne a ke farawa. Idan an sa faifan bai motsa ba ko kaɗan, ko yana ƴar ƙara yana ƙoƙarin tashi ya kasa, sai a fara zargin wuta. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 kawai ta ke bayarwa, USB 3.0 kuwa 900, kuma lokacin tashi ne faifai ya fi jan wuta. A canja waya da gajeruwa, a canja kafa, a gwada wata kwamfuta, a bar ta haɗe da caja. Babban faifai mai inci 3,5 yana da cajarsa daban ta bolt 12; caja ce sau da yawa ta ke mutuwa, faifan na lafiya. Idan duk wannan bai yi ba, ana iya ɓare kwanson roba na waje a haɗa faifan da wani kwanso. Sai dai a lura, wasu ire-iren My Passport na kamfanin Western Digital kafar USB a manne ta ke da allon faifan, kuma suna rufe bayanai da asiri, saboda haka wannan dabara ba ta ci a kansu.

Idan faifai na juyawa lami lafiya amma bai bayyana ba, sai a duba « Gestion des disques » a Windows. Wani lokaci harafi kawai ya rasa. Wani lokaci kuma a Mac ko Linux aka tsara shi (APFS, HFS+, ext4), tsare-tsaren da Windows ba ya karantawa da kansa. Nan ba cuta ko kaɗan.

Wurin da ya kamata mu daɗe shi ne inda Windows ya nuna faifan da sunan RAW, ya kuma ce sai an tsara shi (« formater ») kafin a yi amfani da shi. Amsa ita ce a'a. Ma'anar saƙon ita ce teburin ya lalace, kamar ɗakin karatu da kundin sunayen littattafansa ya ɓata, littattafan kuwa na kan kanta. Tsarawa ta gaggawa sabon tebur ta ke rubutawa bisa tsohon, cikakkiyar tsarawa kuma, tun daga Windows Vista, sifiri ta ke zubawa a ko'ina, bayan ta babu abin da ya rage. Haka nan ba mu goyon bayan gaggawar kiran chkdsk, ko da ya ke masu gyara na son sa. Aikinsa ya daidaita tebur, kuma domin haka ya kan yanke abin da bai gane ba.

Ƙa'idarmu ita ce kada a yi gyara a kan faifai marar lafiya. A fara kwafe shi baki ɗaya, sashe bayan sashe, zuwa wani faifai da ya fi shi girma, sa'an nan a yi aiki a kan kwafin. Manhajar da ta fi dacewa ita ce GNU ddrescue ta Antonio Diaz Diaz, wadda ta fito a 2004, kyauta ce, ana tada ta da Linux daga makullin USB. Ta kan kwashe wurare masu lafiya tukuna, ta bar masu wuya sai daga baya. Tana kuma rubuta ƴar taswirar inda ta tsaya, ta yadda in wuta ta yanke za ta ci gaba daga nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da batir da hasken rana: faifai mai tera ɗaya, ko yana lafiya, ya kan ci sa'a tara ko goma a kafar USB 2.0. A sa shi a inuwa, bisa tebur mai ƙarfi, da fanka in akwai.

A kan kwafin a ke sakin TestDisk, aikin Bafaranshe Christophe Grenier. Tsarin NTFS yana ajiye kwafin sashen farkonsa a ƙarshen yanki, tsarin GPT ma yana da tebur na biyu a ƙarshen faifai. TestDisk na nemo su ya mai da su gurbinsu, kuma idan an dace fayiloli su dawo da sunayensu da jakunkunansu.

4. Inda ya kamata a tsaya

Faifan da ke ƙwas-ƙwas a kai a kai, ko ƙarar karta, allurarsa ce ko farantinsa ya samu rauni. A cire shi nan take, domin kowane juyi na ƙara kankare maganaɗisun. Kada a buɗe murfin ƙarfe: a ɗaki mai tataccen iska kaɗai a ke yin haka, wurin ƙwararru, da tsada. Sa faifai a firiji, da a ke ta yaɗawa, raɓa ya ke jawowa. A nan sai mai bincike da sashensa su auna darajar abin da ke ciki da kuɗin aikawa. Faifai irin SSD kuwa ba shi da faranti, ba ya ƙara, kuma abin da aka goge a cikinsa ya kan tafi ke nan, saboda umarnin TRIM.

Idan teburin ya lalace har TestDisk ya gaza, saura PhotoRec, na Grenier ɗin dai. Shi ba ruwansa da tebur: yana bin faifan yana gane fayil ta alamar farkonsa, WAV ne ko JPEG ko takardar rubutu. Yana ceto da yawa, amma ba suna, ba jaka, sai lambobi. Mai hira ɗari biyu zai zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya kafin ya san wace ce ta wane ƙauye. Wanda ya saba faɗin sunan gari da kwanan wata da bakinsa a farkon kowace ɗauka, cikin daƙiƙa goma zai gane kowace hira ya mai da mata sunanta.