Idan Aka Janye Taimakon Abinci: Halin Talaka a Sokode da Dapaong

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu arewacin ƙasar Togo, domin mu duba abin da ke samun talaka yayin da hukuma ta janye hannunta daga ciyar da shi.

Wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta nufi iyakar Burkina Faso, lalle zai ratsa Sokode, garin Kotokoli, wanda fataken Hausa suka sani tun zamanin da ayari ke bi ta nan zuwa Gwanja neman goro. In kuwa ya ƙara nausawa arewa, ya wuce Kara da Mango, sai ya iske Dapaong, babban birnin jihar Savanes, wadda ta fi kowace jiha talauci a ƙasar. Damina ɗaya ce tak a wannan nahiya, saboda haka abin da magidanci ya zuba a rumbu da kaka shi zai riƙe iyalinsa har wata kakar, alhali kuwa galibi tun cikin watan Yuni ake fara ganin gindin rumbu.

Wannan tsakani na yunwa shi hukuma ta yi ƙoƙarin cikewa. A shekarar 2008, da tsadar abinci ta game duniya, an kafa hukumar ANSAT, wadda ke sayen masara da dawa da kaka ta adana, sa'an nan ta fito da su da rangwame idan kasuwa ta yi zafi. A shekarar ce kuma aka soma dafa wa 'yan firamare abincin rana a ƙauyuka, aikin da majalisa ta yi masa doka a 2020. A waccan shekara ta annobar korona, da aka hana fitar dare a Sokode da kewayenta, shirin Novissi ya riƙa aika wa mace sefa 12,250, namiji kuwa 10,500 a wata, ta wayar hannu. Sai dai fa, jama'a, kaso mai tsoka na kuɗin waɗannan ayyuka daga waje yake zuwa, daga Bankin Duniya, da Hukumar Abinci ta Duniya, da kuma Amurka, kuma kowa ya san abin aro ba ya rufe katara.

Dattawan Togo ba baƙi ba ne ga wannan darasi, domin Tarayyar Turai ta dakatar da agajinta a 1993 saboda rikicin siyasa, ba ta maido da shi baki ɗaya ba sai 2007, kuma a tsakani aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. To, abin ya sake dawowa a 2025: Shugaba Trump na Amurka ya tsayar da agajin ƙetare a watan Janairu, aka rufe hukumar agajin Amurka ta USAID a Yuli, Hukumar Abinci ta Duniya kuma ta bayyana cewa kuɗin da take samu zai ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Wannan kuwa ya zo ne a daidai lokacin da Dapaong ke ɗauke da nauyin da bai saba ba, tun da 'yan bindiga suka kai hari gundumar Kpendjal a Nuwamban 2021, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes a Yunin 2022, dubban mutane suka baro gonakinsu, ga kuma 'yan gudun hijira daga Burkina Faso da suka raɓu da dangi da masu tausayi.

Abin da masu lissafin kasafi ba su cika lura da shi ba shi ne, yanke taimako ba ya nuna illarsa ran da aka yanke. Magidanci ba ya fita ya shelanta yunwa, saboda mutunci. Da farko uwargida za ta rage awo, a koma cin tuwo sau ɗaya a yini. Daga nan a kai akuya kasuwa, a lokacin da kowa ke kai tasa, a sayar da ita da asara. Sa'an nan a ci irin shuka, ko a karɓi bashin hatsi wanda za a biya ninki da kaka. Daga bisani maigida ya bar tasa gonar ciyawa ta cinye, ya tafi ƙwadago gonar mai hali domin abin da za a ɗora a murhu da daddare. Yarinyar da abincin rana ke zaunar da ita a aji sai a ɗora mata talla, saurayi kuma ya tafi ci-rani gonakin koko a Gana. Ta haka wanda jiya miskini ne mai ɗan abin hannu yake wayi gari fakiri, kuma kuɗin da za a kashe a tayar da shi ya ninka abin da aka yi tattali.

Malamanmu sun daɗe da hukunta cewa ciyar da mayunwaci farilla ce a kan al'umma. A shekarar fari ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya buɗe baitulmali, ya nemo abinci daga Sham, har ya jinkirta karɓar zakka daga waɗanda farin ya shafa.

Saboda haka muna kira ga mahukunta a Lome da su sanya abincin 'yan makaranta baki ɗaya cikin kasafin ƙasa, su kuma saye shi daga hannun manoman yankin. Ku kuma attajiran Sokode da limaman Dapaong, ku tsara tattara zakkar hatsi tun da kaka, ku adana wani kaso nata domin watannin Yuli da Agusta.