Shirin Musamman: "Did You Go" Ko "Did You Went"?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau ajin Turanci za mu leƙa, mu taɓo wani tudu da ɗalibai ke yawan tuntuɓe da shi a jarrabawar WAEC da NECO, wato sigar aikatau a cikin tambaya.

A Hausa abin da sauƙi. "Musa ya tafi kasuwa." Ka ɗaga murya a ƙarshe, ko ka sa "shin" a farko, shi ke nan ta zama tambaya. Turanci kuwa sai ya nemo mataimaki ya sa a gaba: do, does ko did.

To ga ƙa'idar, a kasa kunne. Sau ɗaya ake nuna lokaci, kuma mataimakin ne ke nuna shi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da zarar did ya shigo, went sai ya koma go. Saboda haka "Did Musa go?" za ka ce, ba "Did Musa went?" ba. Haka ma does: shi ke ƙwace harafin s daga aikatau. "She likes tea" ta zama "Does she like tea?"

Amma ba kowace jimla ke neman wannan taimako ba. Idan akwai is, are, can ko will, su da kansu suke tsallakowa gaba: "Can he swim?"

Sai kuma who. In mai aikin kake nema, ba ruwanka da did: "Who called Amina?" In kuwa wanda aka kira kake son sani, sai ka ce "Who did Amina call?"

Da can ba haka Turawa ke yi ba. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, mutum na iya sa aikatau a gaba kai tsaye ya yi tambayarsa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi diddigin yadda do ya yaɗu, a littafinsa na 1953.

Ga aikin gida: "Where did she bought it?" Ina kuskuren yake? Ku gyara, za mu kawo amsa a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)