Gejin ruwan tukunyar jirgi: gilashin da kan yi wa mai shi ƙarya

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san unguwar Railway da tashar jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso garin ne a 1961 daga Kuru, kafin ya wuce Gombe ya kai Maiduguri a 1964. Wani abin dariya, tsohon layin nan da Turawa suka laƙaba wa sunan Bauchi, wanda ya haɗa Zariya da Bukuru a 1914 don jigilar kuza, har aka rufe shi a 1957 bai taɓa shiga cikin Bauchi ba. Sunan lardi kawai ya ci.

Yawancin jiragen wancan zamani da tururi suke tafiya. A gaban direba da mai zuba kwal akwai ɗan bututun gilashi a tsaye, shi ne gejin ruwa. Bakinsa na sama yana haɗe da tururi, na ƙasa da ruwan tukunya, kowanne da famfonsa, sai famfo na uku na zubarwa. Muddin ruwa ya yi ƙasa har rufin murhu ya fito fili, ƙarfen zai yi ja ya yi laushi, tukunya ta fashe.

Me ya kawo wannan magana yau? Yaranmu da yawa a Legas, Fatakwal da Aba suna aiki gefen boila a masana'antu, kuma gejin iri ɗaya ne har gobe.

To ga inda matsalar take. Dattin ruwa yana daskarewa a cikin hanyoyin nan, kamar farin abin da ke kama gindin butar mai shayi. In hanyar ƙasa ta toshe, ruwan gilashi sai ya tsaya cak, ko da na tukunya yana ƙarewa. In ta sama ce ta toshe, ɗan tururin da ke gilashin zai huce ya koma ruwa, ruwa ya hau sama, ka ga kamar tukunya a cike take. Wannan fa ita ce mai kisa. Geji mai lafiya, ruwansa yana ɗan rawa sama da ƙasa. In ka ga ya natsu tsit ana cikin aiki, yi zarginsa.

Gwajin ba wuya. Rufe famfon sama da na ƙasa, buɗe na zubarwa. Buɗe na ƙasa ka ji ruwa ya feso da ƙarfi, ka rufe. Haka na sama, tururi ya fito, ka rufe. Sai ka rufe na zubarwa, ka buɗe na ƙasa sannan na sama. Ruwa ya dawo gurbinsa nan take. In yana hawa a hankali, akwai toshewa. In kuwa bai dawo ba sam, kada ka yi gaggawar antaya ruwan sanyi kan ƙarfen da ya riga ya yi zafi. Kashe wuta, kira injiniya.

Ba labarin dā ba ne kawai. A watan Yunin 1995 murhun wani jirgin tururi na 'yan yawon buɗe ido ya fashe kusa da Gettysburg a Amurka, ma'aikata uku suka ƙone. Bincike ya gano ruwa ya yi ƙasa, kuma datti ya kusan toshe hanyoyin gejin.

Masu ƙera ƙananan jiragen tururi don nishaɗi a Ingila ma suna fama, don gilashinsu siriri ne, kumfa ɗaya ta maƙale ta ɓata lissafi. Wata dabararsu, wadda manyan jirage ma suka yi amfani da ita, ita ce sanya allo mai zane a karkace bayan gilashin: inda ruwa yake zanen zai juya, sai ka bambance gilashi cikakke da wanda ba komai ciki. Sannan in za ka ɗaure noti, a hankali. Yawan matsewa ke tsaga gilashin.