Kifin Ado a Ƙasar Zafi

Yau zancen kifin kallo za mu yi, wanda ake ajiyewa a akwatin gilashi a falo, ko a ɗan tafkin da aka gina a tsakar gida.

Wani watan Afrilu na je gaida wani aminina, na tarar da ƙaramar 'yarsa tsugune gaban wani kwanon gilashi mai kama da tulu, ta zabga tagumi. Kwana uku kafin nan mahaifinta ya tsaya a bakin titi ya sayo mata jajayen kifaye shida ƙulle a leda. Mai sayarwa ya ce masa ba su da wata wahala, ruwa ne kawai da abinci. Ranar da na je saura biyu. Su ma sun taso saman ruwa, sun ɗaga baki suna buɗewa suna rufewa. Yarinyar ta ɗago ta ce, "Baffa, yunwa suke ji ko?" Ashe tun safe sau huɗu tana zuba musu abinci, ga shi nan ya kwanta a gindin kwanon ya fara ruɓewa. Na ce mata, "A'a 'yata, numfashi suke nema." Kafin a kira magariba saura ɗaya.

Abin ya tsaya min a rai, domin rai ne, kuma amana ce tun daga lokacin da aka ɗaure bakin ledar. Yarinyar ba ta da laifi. Mahaifinta ma ido ya bi, kamar yadda yawancinmu muke yi: a ga mai kyau, a tambayi kuɗi, a biya. Alhali tambayar farko a gida ake yin ta, tun ba a fita ba. Ruwa nawa ne da ni? Yaya zafinsa yake a bazara, yaya sanyinsa a hunturu? Awa nawa nake samun wuta a rana?

Mu fara da zafi, don shi ne babban mai kisa a wajenmu. Kifi yana shaƙar iskar da ta narke a cikin ruwa ne, kuma ruwa yana ƙara ɗumi iskar tana raguwa. A digiri 20, lita ɗaya ta ruwa tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin. A digiri 30 ta koma kusan 7 da rabi. A daidai wannan lokacin kuma jikin kifin ya ƙara himma, buƙatarsa ta ƙaru. Ga ƙarancin samu, ga yawan nema. Idan aka haɗa da ruɓaɓɓen abinci, wanda shi ma cin iskar yake yi, to abin da na gani a gidan aminina ke nan.

Jan kifin nan da ake kira kifin zinare, ko golfish a bakin masu sayarwa, ɗan ƙasar Sin ne. Mutanen can suka fitar da shi daga wani kifin daji maras launi, sama da shekara 1,000 da suka wuce. Ruwan da ya fi jin daɗi shi ne mai digiri 18 zuwa 24. Wanda kake gani kamar ɗan yatsa a leda jariri ne, zai kai tsawon taƙi guda ko fiye. Ga ci, ga kashi. Guda ɗaya kacal yana buƙatar ruwan da ya kai jarka uku zuwa huɗu masu lita 20. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15, har ma an yi wani a Ingila da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. To ka ji kifin da muke cusa shida a kwano guda, mu ce ai dama ba sa daɗewa.

Ɗan uwansa koi ya fi shi tsada, ya fi shi buƙata. Manoman shinkafa na yankin Nigata a Japan ne suka fara zaɓen masu launi a ƙarni na 19, duniya kuma ta fara saninsa bayan an baje shi a wani baje koli a Tokiyo a 1914. Yakan kai santimita 60 zuwa 90. Kifin tafki ne mai dubban litoci, da injin tace ruwa da ba ya hutawa dare da rana. Ba banza ba, da aka kawo dangin wannan kifi daga Turai a shekarun 1950, gonar kifi ta Panyam a kan tsaunin Filato mai sanyi aka kai su. Don haka mai sauraro na Jos ko na Mambila, hanya a buɗe take. Amma ɗan uwa na Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yamai, ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, shawarata ka yi lissafi sau biyu. Idan ba ka da tafki mai zurfi, da inuwa, da wutar sola da za ta riƙe famfo, ka haƙura da koi.



Maganar wuta ta kawo mu ga abin da na fi so in faɗa a yau. Akwai kifayen da Allah ya hore wa shaƙar iska kai tsaye daga sama. A ɗauke wuta, injin kumfa mai sa wa ruwa iska ya tsaya, su ko a jikinsu. A cikin na waje akwai beta, ɗan ƙasar Tailan, mai jela kamar an baza mayafi, da dangin gurami. Sai dai kada a haɗa mazan beta biyu wuri guda, faɗa za su yi har ɗaya ya halaka. Amma mafi yawan masu wannan baiwa da za ka samu cikin sauƙi, 'yan gida ne. Suna nan a Kogin Kwara, da Binuwai, da fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi.

Ɗauki gartsa. Masu jin sunan daga wasu garuruwan wataƙila da wani suna suka san ta, amma kowane masunci ya san kifin nan dogo kamar maciji, mai ɓawo mai tauri kamar sulke, da jerin ƙayoyi a gadon baya kamar haƙoran zarto. A kasuwarmu ba ta da wata daraja. A kantunan kifin ado na Turai da Amurka da Japan kuwa, da kuɗi mai kauri ake sayenta, ana yi mata kallon ragowar halittun zamanin da. Gartsa tana da huhu. Ka zauna gaban akwatinta da yamma ka gani: tana kwance a ƙasa, ta dogara da fukafukanta biyu na gaba kamar mai jingina da gwiwar hannu. Can sai ta taso a hankali, ta huda saman ruwa da hanci, ta ja iska, ta koma ta kwanta. Zafin bazara bai dame ta ba, don a cikinsa aka haife ta. Sharaɗinta uku ne: akwati mai faɗi, don takan kai santimita 30, da murfi mai kyau, don gwanar tsallakewa ce, sannan kada a haɗa ta da kifin da zai shige bakinta.

Ga kuma kurungu. Mun san shi da ƙaya da kukan da yake yi idan an kama shi. Abin da da yawa ba su sani ba, akwai irinsa da ke iyo a rigingine, ciki sama baya ƙasa, yana tsintar abinci a fuskar ruwa. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna sun lura da haka har suka zana shi a bangon kaburbura. Shi ba mai shaƙar iskar sama ba ne, amma yana da juriya. Ka sa masa fasasshen tulu ko guntun bututu ya ɓuya da rana. Daga kudu kuma, a rafukan Neja Delta, akwai ɗan kifin da duniya ta sani da kiribensis, tsawonsa kusan santimita 10, macen mai jan ciki. Uwa da uba tare suke kiwon 'ya'yansu, suna kora su gaba kamar makiyayi da garke. Irin waɗannan kifaye ana ɗaukarsu a jirgin sama daga Legas zuwa ƙasashen waje, mu kuma muna nan muna jiran a kawo mana na Sin.

Kada a ce na ce duk kifin gida na falo ne. Minjirya tana sakin wutar da ta kai bolt 350, ba abin ajiyewa kusa da yara ba ce. Talibambam yana da ban sha'awa idan ya kumbura, amma haƙoransa za su yayyage duk wanda ya zauna da shi. Giwan ruwa, wanda ake gasar kamawa a Argungu, yakan haura kilo 100. Ita kuwa tarwaɗa, kowa ya san halinta: duk abin da ya shiga bakinta ya zama abinci, har 'yan uwanta, ga dagula ruwa, kuma daren da aka yi ruwan sama sai ka tsince ta tana jan ciki a tsakar gida. A bar ta a wurin kiwo.

Wanda yake farawa, kuma yana son launi da yawan motsi, ya nemi gufi, ko moli, ko filati. Ƙanana ne, suna son ruwa mai ɗumi, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse mai ɗan nauyi ya dace da su. 'Ya'ya suke haifa rayayyu, ba ƙwai ba. A sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, in ba haka ba mazan za su galabaitar da macen. Gufi ɗan asalin Tirinidad ne da Benezuwela, kuma an yaɗa shi a ƙasashe da dama saboda cin tsutsar sauro. Wannan amfani ne babba ga mai tafki a gida, domin ruwan da ke kwance babu kifi gidan sauro ne. Rauninsu hunturu. A daren Janairu ƙaramin kwano yakan huce sosai, sai ka wayi gari ka ga fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri a jikinsu. Shi ya sa babban akwati ya fi ƙarami sauƙin riƙewa: ruwa mai yawa ba ya saurin zafi, ba ya saurin sanyi. Kada a fara da ƙasa da lita 60.

A tafkin tsakar gida kuwa, ni jar karfasa nake zaɓa wa mutanen ƙasar zafi. Daga sama launinta ba ya jin kunya a gaban koi, tana walwala a digiri 28 zuwa 30, tana cin gansakuka, kuma da ta saba da kai za ta riƙa tarbarka a bakin ruwa. Matsalarta haihuwa. Uwar a baki take goyon ƙwai har su ƙyanƙyashe, kusan babu asara, cikin 'yan watanni tafkin ya cika da ƙananan da ba sa girma. A nemi maza zalla wurin masu ƙyanƙyasa. Zurfin tafkin ya kai mita guda, don kifi ya samu wurin gudu idan rana ta take. A dasa bado ya rufe kamar rabin fuskar ruwan, a cikin tukunya, a danne bakinta da duwatsu, don karfasa matoniya ce. Inuwar ganyen kuma tana ɓoye su daga zalɓe da mage. Kada a haƙa shi a ƙarƙashin darbejiya, ganye zai yi ta zuba yana ruɓewa. Kuma don Allah, gidan da ke da mai rarrafe ko mai tatata, a kewaye tafkin da shinge tun kafin a zuba ruwa.

Sabon akwati ko sabon tafki ba a cika shi da kifi rana ɗaya. Kashin kifi yana sakin guba mai suna amoniya, kuma wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke kashe kaifinta. Kafin su yaɗu a cikin tsakuwa da matatar ruwa sai an yi mako 4 zuwa 6. A fara da biyu ko uku, a riƙa ƙari sannu a hankali. Ruwan famfo a bar shi ya kwana biyu a buɗe, sinadarin kulorin ya fita. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu a zuba sabo, ba a wanke akwati da sabulu ko omo. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa.

In ka je saye, ka tsaya ka ƙare wa tankin kallo kafin ka yi ciniki. Ka ga matacce a ciki, ko wanda ya maƙale fukafukai yana lilo, ko mai fararen ɗigon nan, ka wuce. Ka ce a zuba musu abinci a gabanka, lafiyayye ba ya jinkiri. Ka tambayi girman da zai kai, domin baƙin kifin nan mai lasar gilashi da ake cewa yana share akwati, wani irinsa yakan kai santimita 40. A gida ka ɗora ledar a kan ruwan, a ɗaure, na minti 20, zafinsu ya daidaita kafin ka sake su. Ranar da kifin waje ya ishe ka kuma, ka ba wani mai so, kada ka kai shi kogi ko dam, don ba ka san ɓarnar da zai yi wa na gida ba.

Akwai abu ɗaya da ke kashe kifi a gidajenmu wanda ba a cika ambata ba: maganin sauro na fesawa, da fiya-fiya. Ɗan abin da ya sauka a kan ruwa ya isa ya gama da akwati guda kafin asuba. In za a yi feshi, a kashe injin kumfa, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe.

Gidan aminin nan nawa, bayan damina muka je bakin dam tare da yarinyar. Muka roƙi wani masunci ya ware mana ƙananan gartsa biyu masu rai daga cikin tarkonsa na mali, ya yi ta mamakin abin da za mu yi da su. Muka ɗauko su a bokiti mai murfi da ruwan wurin. Yanzu suna cikin akwati mai lita 150 a inuwar baranda, sun ga bazara biyu. Yarinyar ce ke haƙo musu tana a bayan randa, kuma ta san lokacin da kowace za ta taso shan iska.