In Tsoho Ya Yi Shiru

Yau maganarmu a kan iyayenmu ce da suka manyanta, da kuma mu da ke biye da su, gama furfura ba ta aiko da manzo kafin ta iso.

A ƙasar Daura, wato Daura da Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa, tsofaffinmu iri biyu ne. Akwai manomi wanda bai taɓa karɓar albashi ba. Shi ritayarsa takan zo ran da gwiwa ta ƙi, ya miƙa wa 'ya'ya fartanya da gonar gero. Akwai kuma ma'aikacin gwamnati wanda doka ta yanka wa rana, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Hanyarsu dabam ce, amma wuri ɗaya suke haɗuwa: gari ya waye, ba wanda ke jiransu a ko'ina. Mutumin da dā ake sallama a ƙofarsa tun da asuba, yanzu sai kaji.

Daga nan wani tsohon yakan yi shiru. Ya bar zama a dandali, ya bar zuwa sujada, a kai masa fura ya kurɓa sau biyu ya ture. Barci ya ƙaurace masa tun tsakar dare. Mu kuwa sai mu ce, “Ai tsufa ne.” Sau da yawa ba tsufa ba ne. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma ma'auninsu shi ne: idan baƙin ciki ko rashin sha'awar kome ya zauna wa mutum kusan kowace rana har mako 2 ko fiye, tare da canjin barci da cin abinci da kasala, to ya kamata a duba shi. Wahalar ita ce tsoho ba ya cewa yana baƙin ciki. Cewa zai yi kansa na nauyi, ko zafi na yawo a jikinsa. Sai a yi ta saya masa ƙwayar ciwon jiki a kemis wata da watanni, ciwon kuwa yana wani wuri.

Abin ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A nan gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2007 ya sami ciwon damuwa mai tsanani a wajen tsoho 7 cikin 100 a cikin shekara guda. Rasuwar abokin zama, kaɗaici, hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki, raguwar ji da gani, duka suna buɗe masa ƙofa.

A nan dole mu masu wa'azi mu yi hankali da bakinmu. Dattijon da ya kasa tashi ya zo majami'a, kada mu yi saurin ɗora masa laifin rashin bangaskiya. Ku tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da aka fara yi masa kuwa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ciwon damuwa yana jin magani, sai dai maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, don haka kada a yar da shi a kwana 5.

Gigin tsufa kuma wani abu ne dabam. Manta inda aka ajiye carbin maɓallai ba kome ba ne. Amma tsohuwar da ta ɓace a hanyar rijiyar da ta yi shekara 40 tana bi, ko ta kasa gane jikanta, ko ta fita da dare tana neman mijin da ya daɗe da rasuwa, wannan ƙwaƙwalwarta ce ke lalacewa a hankali. Ba mayya ba ce. Muna nanata wannan domin an wulakanta tsofaffin mata da yawa a kan maganganun da ciwo ya sa su faɗi. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba, amma likita zai taimaka wajen barci da firgita, iyali kuma su bar gardama da ita, su bar kayan ɗakinta yadda ta saba. In kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya asibiti, gama zazzaɓi ko ciwon fitsari ko suga na iya jawo haka, kuma ana warkewa. A fara da asibitin Daura. Idan abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Tun Janairun 2023 ma Nijeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba irin waɗannan majinyata haƙƙin a riƙe su da mutunci.

To, mu da ƙarfinmu bai ƙare ba fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikacin da ke cikin tsarin ya riƙa zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10. A 2019 aka buɗe irin wannan asusu ga masu sana'ar kansu, tela da direba da mai shago. Yana da kyau, amma kada a jingina da shi kaɗai. A 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100, fanshon da ya isa jiya bai isa yau ba. Kuma kuɗin sallama ba na gwada kasuwancin da ba a taɓa yi ba ne. Sana'ar da za a ci a tsufa, a fara ta shekara 10 kafin a ajiye aiki. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari da ya sauka a Mayun 2023 ya komo Daura, garken shanun da ya daɗe yana kiwo ya tarar, ba sabo ya fara ba. Manomi kuma kada ya raba gonarsa duka tun yana da rai. Ya riƙe ko kadada ɗaya da 'yan awaki da sunansa, a gaban shaidu.

Da yawa cikin masu bi a wannan yanki aiki ne ya kawo su. Wanda ya yi shekara 30 a nan, in ya koma ƙauyensu zai tarar tsararrakinsa sun ragu, shi baƙo ne. In ya zauna, ba shi da gona. Wannan shawara ba ta miji kaɗai ba ce. Matar ma tana da zumuntar mata da maƙwabta da za ta bari, kuma ita ce za ta zauna da mutumin da yanzu ba ya fita, yana ƙirga mata mudun hatsi. A zauna a yi maganar tun da sauran lokaci.

Ku 'ya'ya da ke Kano da Abuja da Legas, kuɗin da kuke aikowa yana da amfani, amma ba ya hira. Ku kira, ku nemi shawarar tsoho a kan abin da ya sani. Kafin ku ɗauke mama ku kulle ta a bene kuna tafiya aiki, ku tambaye ta.

Abu ɗaya ba ya jiran gobe. Idan tsoho ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya zama kaya a wuyanku, kada ku yi masa tsawa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku kwashe maganin ƙwari da na ɓera daga ɗaki da rumbu, wani ya kwana kusa da shi, a kai shi wurin likita a ranar.