Me Ya Sa Wani Ganyen Ke Ruɓewa Cikin Watanni, Wani Kuma Ya Shekara Yana Kwance?

A dazukan Kongo da Amazon, ganyen da ya faɗo ƙasa yakan ɓace cikin 'yan watanni. A dazukan sanyi na Kanada da Rasha kuwa, siraran ganyen itatuwan fayin kan shafe shekaru kafin su zama ƙasa. Abu biyu ne suka fi kawo wannan bambanci: yanayin wurin da kuma sinadaran da ke cikin ganyen.

Su wa ke aikin?

Ganye ba ya ruɓewa da kansa. Gara da tana da sauran ƙwari ne ke fara ɓarɓasa shi, sannan bakteriya da funfuna su cinye abin da ya rage. Suna ci suna fitar da iskar kabon zuwa sama, suna sakin naitirojin da fosfaros cikin ƙasa, inda saiwar tsirrai za ta sake ɗauka.

Rawar yanayi

Waɗannan halittu suna son ɗumi da danshi a tare. A ƙiyasin da masana suka saba amfani da shi, idan zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin aikinsu yakan kusan ninkawa, muddin akwai danshi. Shi ya sa a watan Afrilu za ka ga busasshen ganye kwance a Sakkwato ko Maraɗi duk da tsananin zafi. Babu ruwa, aiki ya tsaya, sai gara da hasken rana ne kaɗai ke rage shi. Da zarar damina ta sauka, sai komai ya kankama. Ruwan ma idan ya kwanta a kan ganye ya hana iska shiga, ruɓewar takan ja baya.

Rawar sinadaran ganye

Ganyen da ke da naitirojin da yawa abinci ne mai sauƙin ci. Wanda ke da liginin da yawa, wato sinadarin da ke sa itace tauri, yana da wuyar narkewa. Tun a 1982 wani bincike a Amurka ya nuna cewa gwargwadon yadda liginin ya rinjayi naitirojin, gwargwadon jinkirin ruɓewa. Akwai kuma tanin, irin sinadarin bagaruwa da majema ke jeme fata da shi. Yadda yake hana fata ruɓewa, haka yake jinkirta ganye.

Gawo misali ne na kusa. Yana zubar da ganye mai yawan naitirojin a farkon damina, daidai lokacin da ɗumi da danshi suka haɗu, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Gwada da kanka

A 2013 masu bincike a Holan suka fito da wata hanya mai arha: a binne jakar koren shayi da ta shayin ruibos na Afirka ta Kudu a zurfin santimita 8, a tono su bayan kimanin kwana 90, a shanya, a auna. Koren shayi yakan fi saurin raguwa, ruibos mai tauri ya biyo baya. Kai ma za ka iya kwatanta haka da ganyen zogale da na mangwaro a cikin ƙyallen gidan sauro. Ƙaramin sikelin dijital kawai kake buƙata, sai wayarka don ɗaukar hoto, adana wurin da GPS, da rubuta nauyi a Google Sheets. Yi sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, ka kwatanta.

Me ya sa ya dame ka?

Kabon da ke cikin ƙasa ya fi wanda ke sararin samaniya yawa, kuma ɗumamar duniya na iya hanzarta fitarsa. A gida kuma, duk tarin ganyen da aka cinna wa wuta, naitirojin ɗinsa ya bi hayaƙi. Zuba shi a rami, ka haɗa mai tauri da mai laushi, ka riƙa yayyafa ruwa, zai zama taki.