Ƙarfin Zuciya da Farfaɗowa a Fagen Gasa: Nazarin Wasan Ƙarshe na Sunuka na 1985

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce faɗuwar gaba asarar namiji. Duk wanda ya saba kallon dambe da kaka a ƙauyukan Kano, ko a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, ya san gaskiyar wannan magana. Ɗan dambe yakan sha kashi a turmin farko har a yi masa zaton faɗuwa, amma ya dawo a turmi na uku ya yi kisa. Wani kuwa tun daga jin kirarin abokin karawarsa gwiwarsa take sanyi. A wannan babi za a duba ma'anar ƙarfin zuciya da yadda yake sa mai gasa ya farfaɗo bayan an yi masa nisa. Za a ɗauki misali daga wasan sunuka, sannan a nuna abin da malami zai amfana da shi a aji.

2.0 Ma'anar Ƙarfin Zuciya

Abin da ake nufi da ƙarfin zuciya a nan shi ne mutum ya ci gaba da aiki da iya gwanintarsa a lokacin da tsoro ko gajiya ko alamun rashin nasara suka dabaibaye shi. Hausa tana da kalmomi da suke kusa da wannan ma'ana. Dauriya ita ce ɗaukar zafi ba tare da raki ba, irin wadda ake gani wajen sharo. Juriya ita ce daɗewa a kan wahala. Natsuwa kuwa ita ce tattara hankali wuri guda. Mai gasa yana bukatar dukkansu, sai dai kowane wasa da wadda ya fi nema. Sunuka ya fi neman natsuwa da juriya.

3.0 Yadda Ake Wasan Sunuka

Hafsoshin sojan Birtaniya da ke zaune a Indiya ne suka ƙago wasan a ƙarshen ƙarni na 19. Matasanmu sun san shi a kan ƙananan teburan da ake kafawa a bakin titi, amma teburin gasa ya kai ƙafa 12 a tsawo da ƙafa 6 a faɗi, yana da ramuka shida. Ana jera jajayen ƙwallaye 15, kowace da maki ɗaya. Sai masu launi guda shida: ruwan ɗorawa maki 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Ɗan wasa yana zungurar farar ƙwallo da sanda don ta tura wata cikin rami. Yakan jefa ja, sannan mai launi, sannan ja, har jajayen su ƙare, daga nan a bi masu launi ɗaya bayan ɗaya a ƙare da baƙa. Kowane zagaye za mu kira shi turmi, kamar yadda 'yan dambe suke cewa.

Akwai wata ƙa'ida da ta sa wasan ya zama awon zuciya. Muddin ɗan wasa yana jefa ƙwallo a rami, teburi nasa ne. Abokin karawarsa yana zaune a kujera yana kallo, ba shi da ikon yin komai sai an yi kuskure. Ɗan dambe yana da makaɗi da 'yan zuga da suke tayar masa da tsimi. Ɗan sunuka kuwa a cikin shiru yake, daga shi sai tunaninsa.

4.0 Wasan Ƙarshe na 1985

Tun daga 1977 ake yin gasar duniya ta sunuka a zauren Crucible da ke birnin Sheffield na Ingila. Wasan ƙarshe kwana biyu ake yin sa, wanda ya riga cin turmi 18 shi ne zakara. A ranakun 27 da 28 ga Afrilu 1985 aka kara tsakanin Steve Davis ɗan Ingila da Dennis Taylor ɗan Ailan ta Arewa. Davis, mai shekara 27, shi ke riƙe da kambi, ya kuma ci gasar a 1981 da 1983 da 1984. Taylor yana da shekara 36, sau ɗaya ya taɓa zuwa wasan ƙarshe, a 1979, inda Terry Griffiths ya doke shi.

Davis ya cinye turmi bakwai na zaman farko, ya ƙara da na farkon zaman dare, aka kai 8 da babu. A turmi na tara ya kuskure koriyar ƙwallo, Taylor ya samu ya ci turminsa na farko. Daga nan wasa ya juya. Cikin turmi bakwai da suka rage a ranar, Taylor ya ci shida, aka kwana Davis yana da 9, shi yana da 7.

Washegari Taylor ya kamo shi a 11 da 11. Davis ya sake wucewa, aka sake haɗuwa a 15 da 15. Davis ya kai 17 da 15, saura turmi ɗaya ya ɗauki kofi, Taylor ya ci biyu a jere aka yi 17 da 17. Turmi na 35 ya ɗauki minti 68. Da ƙwallo huɗu suka rage a teburi, Davis yana da maki 62, Taylor yana da 44. Makin da ya rage 22 ne, ma'ana Taylor ba zai ci ba sai ya jefa dukkan huɗun. Ya jefa ruwan ƙasa da shuɗiya da ruwan hoda, ya kai 59. Gasar kwana 17 ta koma kan baƙar ƙwallo guda. An yi ta musayar bugu, har Taylor ya yi kuskure ya bar wa Davis dama. Davis, wanda ake ganin ya fi kowa natsuwa a zamaninsa, ya kuskure. Taylor ya taso ya jefa baƙar, ya ci 18 da 17. A tsawon kwana biyun bai taɓa shiga gaba ba sai a wannan bugu. An tashi bayan ƙarfe 12 na dare, mutum miliyan 18.5 suna kallo a talabijin ɗin BBC.

5.0 Abin da Wasan Ya Nuna

Na farko, babban nisa da kaɗan-kaɗan ake cin sa. Babu bugun da zai biya turmi takwas. Wanda ya zuba ido a kan allon maki zai ga dutse ne a gabansa, wanda ya zuba ido a kan ƙwallon da zai buga yanzu yana da aikin da zai iya. Turmi na tara bai rage komai sosai a lissafi ba, amma ya tabbatar wa Taylor cewa Davis yana kuskure.

Na biyu, tsoro yana sauya mazauni. Wanda aka yi wa 8 da babu ya riga ya ga mafi muni, abin da zai rasa kaɗan ne. Wanda yake gaba, da zarar tazara ta fara raguwa, yakan bar tunanin ci ya koma tunanin kada a ƙwace masa. Wannan tunani yana ɗaure hannu, kuma a sunuka ɗan karkacewar sanda ya isa ya kau da ƙwallo daga rami.

Na uku, zuciya ba ta maye gurbin gwaninta. Taylor ya shiga sahun ƙwararru tun 1972, ya kuma ci babbar gasar Grand Prix a 1984, 'yan makonni bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da hannunsa bai ƙware ba, da damar da Davis ya bari ta tashi a banza.

Na huɗu, wanda aka kayar ma yana da tasa farfaɗowar. Davis ya sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 1986 a hannun Joe Johnson. Duk da haka ya dawo ya ci gasar a 1987 da 1988 da 1989, ya cika kambi shida. Tashi bayan faɗuwa biyu a idon duniya ya fi farfaɗowar dare ɗaya wuya.

6.0 Wasu Misalai

A 1992 Jimmy White ya kai 14 da 8 a kan Stephen Hendry, sai Hendry ya ci turmi goma a jere ya gama da 18 da 14. A 2017 Mark Selby ya taso daga 4 da 10 ya doke John Higgins 18 da 15. A gida Nijeriya, an ga irin wannan a ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Burazil tana gaba da 3 da 1 a wasan kusa da ƙarshe, Nijeriya ta rama ta ci 4 da 3, Nwankwo Kanu ya zura biyun ƙarshe. A wasan ƙarshe Ajantina ta shiga gaba har sau biyu. Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, dukkansu haifaffun Kaduna, su suka rama, kafin Emmanuel Amunike ya ci ta ukun.

7.0 Darasi ga Malami

Malamin da aka tura makarantar firamare a wuri irin Bacirawa zai tarar da yaron da aikin gona ya raba shi da aji da damina, ya dawo an yi masa nisa a karatu. Wannan yaro yana zaune ne a kujerar da Taylor ya zauna. Idan malami ya nuna masa tarin abin da ya wuce shi gaba ɗaya, ko ya karanto makinsa a gaban aji don a yi dariya, to ya karya shi. Abin da ya dace shi ne a yanka masa aiki gwargwadon ƙarfinsa, shafi ɗaya ko lissafi biyar, ya yi daidai, a nuna masa ya yi daidai. Wannan ne turminsa na tara.

Haka kuma kada a manta da yaron da ya saba zuwa na ɗaya. Shi ne ya fi shiga ruɗu ranar da ya faɗi, domin bai saba ba. Malami ya saba wa ɗalibai da gasar kacici-kacici da muhawara da langa, inda za su ci a kuma ci su, sannan ya zauna da wanda aka ci su duba inda kuskure ya faru. Yabo ya tafi ga ƙoƙari da gyara, don yaro ya fahimci cewa makin yau ana iya sauya shi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin zuciya ya ƙunshi dauriya da juriya da natsuwa, kuma yana yin amfani ne idan ya tarar da gwanintar da aka daɗe ana ginawa. Wasan 1985 ya nuna yadda na baya ke kamo na gaba, rayuwar Davis bayan wasan ta nuna yadda wanda ya faɗi ke tashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, don haka malami ba ya yanke wa ɗalibi hukunci daga sakamakon zangon farko.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin dauriya da juriya da natsuwa, tare da misali daga wasannin gargajiya na Hausa.
2. Wace ƙa'ida ce ta sa sunuka ya bambanta da dambe wajen gwada zuciyar ɗan wasa?
3. Me ya sa wanda yake gaba yakan shiga tsoro idan tazara ta fara raguwa?
4. Kawo karin magana biyar da suka shafi haƙuri da juriya, ka bayyana yadda za ka koyar da su a aji huɗu na firamare.